Katsewar Intanet ta Waya a Gidajen Tsakiyar Greensboro

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da ɗakunan kwana ofisoshi da azuzuwa, ƙorafin katsewar intanet ya zama ruwan dare a tsakiyar birnin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, har a gidajen da suka haɗa kwamfuta da waya kai tsaye. Abin takaicin shi ne yadda mazauna suke gaggawar sauya kamfani ko ƙara kuɗin wata domin sayen ƙarin gudu, alhali gudun layi daban, ɗorewarsa daban, kuma sau da yawa ɓarnar tana cikin bangon gidan.

Yawancin gine-ginen bulo na titin Elm ta Kudu kantuna ne da ma'ajiyoyi na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, waɗanda aka mayar da wasunsu gidajen haya, aka riƙa ɗora sabuwar waya a kan tsohuwa. Kamfanin Charter, mai sunan kasuwanci Spectrum, wanda ya gaji Time Warner Cable a 2016, yana kai intanet ta kebul ɗin talabijin, kuma kowane ƙaramin ƙarfen da ya raba wannan kebul gida biyu yana zaftare kimanin desibel 3.5, wato fiye da rabin ƙarfin siginar. Idan aka jera irinsa uku a bayan bango, sannan bakin kebul ɗin ya yi tsatsa ko ya kwance, modem, na'urar da ke karɓar sigina daga kamfani, takan rasa hanyar mayar da amsa, sai ta sake tashi da kanta. Galibin modem suna rubuta wannan a shafinsu na 192.168.100.1 da alamar T3 ko T4.

Wayar Ethernet, wadda ke kai intanet ga kwamfuta, ita ma tana da nata ciwon. Silli takwas ne a cikinta, an murɗe su bibbiyu, kuma gudun gigabit yana bukatar dukkansu a tazarar da ba ta wuce mita 100 ba. Silli ɗaya da ƙofa ta matse, ko ɗan maƙallin roba da ya karye, ya isa ya sa layin ya riƙa faɗowa zuwa megabit 100 yana tashi. Zaren gilashi, irin wanda AT&T da Lumos suka shimfiɗa a birnin, ba ya warkar da wannan, domin daga akwatinsa zuwa kwamfuta jan ƙarfe ne har yanzu.

Gaskiya ne kamfanoni suna da nasu kason, musamman a lokacin tsawar bazara da ɗaukewar wutar Duke Energy, kamar yadda guguwar 15 ga Afrilu, 2018 ta nuna a gabashin birnin. Sai dai irin wannan katsewa takan haɗa da maƙwabta, kuma ba ta dawowa kowace sa'a a ɗaki guda.

Bambance matsalar gida da ta kamfani ba shi da wuya: a aika umarnin ping, mai gwada ko na'ura tana amsawa, zuwa rauta, na'urar rarraba intanet a gida, a aika wani zuwa 8.8.8.8, adireshin da ke wajen gida a intanet. Idan na farkon ya tsinke, matsalar ba ta fita ƙofa ba. Ya kamata ɗan haya ya yi wannan gwaji, ya canja waya, kafin ya ƙara ko sisi, masu gidajen titin Elm kuma su sabunta wayoyin bangonsu.