Sheƙar Harshe: Yadda Kakanni Suka Ceto Yaren Mawori

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san idan iri ya ɓace daga rumbunan gari duka, kuɗi ba su mayar da shi. Yau muna so mu ba ku labarin wata kabila wadda ta kusa rasa yarenta, da dabarar da ta yi, gama dabarar ta shafi ƙananan yara da tsofaffi, waɗanda mukan bari a gida sa'ad da muka tafi gona.

Mutanen su ne Mawori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, can cikin teku kudu maso gabas da Ostareliya. Su ma manoma ne tun dā, babban abin nomansu kuwa dankali ne, suna ce da shi kumara. Bayan zuwan Turawan Ingila, aka yi dokar makarantun 'yan ƙasa a 1867, aka sa Turanci a gaba. Tsofaffi da yawa sun ba da shaida daga baya cewa an bulale su a makaranta domin sun yi magana da yaren iyayensu. Yaron da aka doka saboda yarensa, in ya girma ya haihu, da wuya ya koya wa ɗansa yaren nan. Yana ganin taimakon ɗan yake yi.

Sai kuma ƙaura ta zo ta ƙarasa ɓarnar. A 1945 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Mawori ne ke zaune a birane, amma a 1986 sun kai wajen kashi 80 cikin 100. A birni ba kaka a kusa, maƙwabta kuwa Turawa ne. Wani malami mai suna Richard Benton ya bi gidaje yana bincike a shekarun 1970, ya tarar masu jin yaren sosai ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, yawancinsu kuma tsofaffi ne. Watau yaren yana bakin masu furfura kaɗai.

A 1972 aka kai wa majalisar ƙasar takardar roƙo mai sa hannun mutum fiye da 30,000, ana neman a koyar da yaren a makarantu. Amma dattawa suka ga jiran gwamnati zai daɗe, tsofaffi kuwa suna ta rasuwa. Suka yi shawara a haɗa kakanni masu yaren da jikoki tun suna goye, kafin Turanci ya riga ya zauna a bakinsu. Aka buɗe wuri na fari a Pukeatua, kusa da birnin Wellington, a watan Afrilu na 1982. Suka raɗa masa suna kohanga reo, ma'anarsa sheƙar harshe, kamar yadda tsuntsuwa ke ciyar da 'ya'yanta baki da baki a cikin sheƙa.

Ga yadda aikin yake. Daga ƙofa zuwa ciki ba a yin wani yare sai Mawori, ko wajen cin abinci, ko wanka, ko rarrashi. Ba a zaunar da yaro a ce masa "maimaita bayana." Yana jin yaren ne cikin wasa da waƙa da tatsuniya, har ya kama shi. Iyalai ne ke riƙe da wurin, su ne ke yanke shawara, su kawo abinci, su yi shara. Yawancin matan da suka fara aikin ba su da takardar koyarwa, da yawa kuma ba a biya su ko kwabo ba. Mu da muka yi makarantar horon malamai sai mu yarda cewa abin da kakannin nan suka riƙe, ba a ba da shi a aji.

Al'ada kuma ta shiga tare da yaren. Akwai wata gaisuwa da suke kira pepeha, inda mutum zai faɗi dutsen ƙasarsu, da koginsu, da kwalekwalen da ya kawo kakanninsa, da kabilarsa, kafin ya faɗi sunansa. Ana koya wa yara ƙanana su tashi su faɗi nasu. Ana kuma nuna musu taurarin Matariki, waɗanda mu muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Fitowarsu da asuba a watan Yuni ko Yuli ita ce sabuwar shekararsu, bayan an gama haƙar dankali, dattawa kuma sukan dubi haskensu su kintaci yadda shekarar noma za ta kasance. Tun 2022 ranar ta zama ranar hutu ga ƙasar duka, har da 'ya'yan Turawa suna yin bikin.

Abin ya yaɗu da sauri. Wajen 1993 sheƙoƙin sun kai 800, yara fiye da 14,000. Da yaran fari suka isa shiga firamare, aka buɗe musu makarantar da ke koyarwa da yaren a 1985, a 1987 kuma doka ta mai da Mawori harshen hukuma. Mutanen Hawai suka ga haka, suka buɗe tasu sheƙar a 1984.

Amma kada mu ɓoye muku wahalar. A 1990 aka mai da sheƙoƙin ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, aka kawo sharuɗɗan gini da na takardun malamai. Ƙananan wurare da yawa suka kasa, kakanni na fari kuma suka yi ta ƙarewa, har yawan sheƙoƙin ya ragu da kusan rabi. A 2012 kotun bincike ta Waitangi ta ce gwamnati ba ta tallafa musu yadda ya kamata ba. Akwai kuma yaran da suka iya yaren, suka koma gida suka tarar iyayensu ba su iya amsa musu ba. Saboda haka aka riƙa matsa wa iyaye su ma su koya.

A ƙauyuka da yawa na Filato da kudancin Kaduna, kaka takan yi magana da Berom, ko Ngas, ko Tyap, jika ya amsa da Hausa. Mu kanmu da Hausa muke rubuta muku wannan, kuma ba laifi ba ne, gama ita ce ke haɗa mu a kasuwa da wurin taro. Ƙaramin yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku tare, ba ya ruɗewa. Ƙungiyar da ke da mata masu barin yara lokacin shuka da noman fari tana iya tara su a inuwa ɗaya, ta roƙi tsofaffi biyu ko uku su zauna da su da yaren gida, a ba su ladan hatsi da kaka. Inda yaran suka fito daga kabilu dabam dabam, a ba kowane yare ranarsa, kowane yaro kuma ya koyi gaisuwar maƙwabcinsa da sunayen hatsi a bakinsa.