Yadda Ƙugun Wandon Bature Ya Sauko Daga Cibiya

Duk wanda ya duba hotunan ma'aikatan ofis na Ingila na shekarun 1930 zai lura cewa wandunansu suna hawa har bisa cibiya, wani ma ya kusa taɓa haƙarƙari. Dalili kuwa shi ne, wandon wancan zamani rataye shi ake yi daga kafaɗa da igiyoyi biyu, waɗanda ake maƙalawa a maɓallai shida da ke bakin ƙugu, huɗu a gaba, biyu a baya. Tela yakan yanka bayan wandon ya fi gaban tsawo, ya ɗan tsaga shi a tsakiya, don igiyoyin su ja shi daidai. Falmaran ce take rufe duk wannan, domin a wurin Turawan da, abin kunya ne a ga igiyoyin mutum a fili. Tun da yake kafaɗa ce ke ɗauke da nauyi, sai a bar ƙugun da sassauci, watau mai wando ya wuni zaune bisa kujera cikinsa bai matsu ba.

Da falmaran ta fara ja da baya, sai bel ya samu shiga. Kamfanin Levi's na Amurka ya soma ɗinka madaukan bel a wandunansa cikin 1922, ya cire maɓallan igiya cikin 1937, sa'an nan a 1942 ya cire 'yar ɗamarar da ke baya, saboda tsimin ƙarfe da yadi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A Ingila kuwa wata dabara aka ɓullo da ita. Cikin 1934 Alexander Simpson na birnin Landan ya fito da wandon Daks, wanda ba ya bukatar igiya ko bel. An sa masa 'yan harsuna masu maɓalli a gefe biyu na ƙugu don tsukewa, da 'yan faci na roba daga ciki masu riƙe taguwa kada ta zame. Sule 30 ake sayar da shi, kuɗi mai yawa a lokacin, amma duk da haka aka yi ta rububinsa. Kafin ƙarshen shekarun 1960 samari sun sauko da ƙugu har kwatangwalo.

A ganina, babbar hasarar da aka yi ba tsawon ƙugu ba ce, rarar yadi ce. Telan da yakan yanka bakin ƙugu gida biyu, ya haɗa su a tsakiyar baya, ya bar rarar wajen inci biyu a ciki. In mai wando ya yi ƙiba, sai a farke wannan ɗinki a buɗa. In ya rame a tsuke. Wando guda sai ya shekara goma yana bin jikin mai shi. Mu a nan ƙubaka da mazagi sun daɗe da raba mana wannan gardama, amma ma'aikaci ko ɗalibin da ke sa wandon kanti yakan tarar an ɗinka ƙugun da yanki guda, babu abin da tela zai buɗa.

Saboda haka mai sayen wando, ko a kanti ko a gwanjo, ya juya shi ciki waje ya duba tsakiyar baya. In ya ga ɗinkin ya ratsa bakin ƙugu har sama, da rara a naɗe gefe biyu, to, wandon yana gyaruwa.