Rabon Ikon Ilmi Tsakanin Jihohi da Abin da Ya Haifar

Tsarin mulkin 1951 ya ba Jihohin Nijeriya uku, wato Arewa da Yamma da Gabas, ikon yin dokokin ilminsu, na 1954 kuwa ya tabbatar da haka. Hujjar ita ce kowace Jiha ta fi sanin bukatar mutanenta. To, amma iko kaɗai ba ya tsai da makaranta, sai da kuɗi da malamai.

Jihar Yamma, mai arzikin koko da ɗimbin makarantun mishan, ta soma ba da ilmin firamare kyauta a 1955. Gabas ta bi sawu a 1957, amma kuɗi suka gaza, ta komo da biya a wasu azuzuwa a 1958. Arewa ba ta da isassun malamai, saboda haka ta bi a sannu. A 1960 'yan firamaren Arewa ba su kai 300,000 ba, alhali Yamma da Gabas kowacce ta haura miliyan ɗaya, ko da ya ke Arewa ce ta fi yawan jama'a.

Birnin Kano ya isa misali. Karatun allo da na littattafai sun daɗe da kafuwa a cikinsa, amma boko sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, bayan ganuwa. Da ya ke ba a sakar wa mishan hanya a ƙasashen sarakunan Musulmi ba, nauyin makarantu irin ta Shahuci ya faɗa kan En'e. Baitulmalin Kano mai ƙarfi ne, ya iya ɗauka; ƙananan En'e kuwa sai suka yi ta ja da baya. Ashe ratar da ke tsakanin Jihohi tana nan a cikin Arewa kanta.

Don cike wannan rata Gwamnatin Tarayya ta kawo firamare kyauta ga ƙasa duka a 1976. Dokar 2004 kuma ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ilmin farko, bisa sharaɗin sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi gudunmawar gine-gine. Wadda ta kasa, 'ya'yanta ke hasara.

Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su riƙa ƙidaya yaran da suka isa shiga makaranta, unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, su kai wa hukumar ilmi lissafi na gaskiya. Yaron da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadin aji ko malami.