Abin da ke faruwa kafin waya ta tashi

Gurugu unguwa ce a birnin Tamale, a arewacin Ghana. Kamar a sauran unguwannin garin, mutane da yawa suna riƙe da wayoyi masu Android. Wani lokaci mutum zai kunna wayarsa, ta nuna tambarin kamfani, ta tsaya nan cak. In ya kai wa mai gyara, sai ya ce sai an yi mata filashin, watau a sake zuba mata manhaja. Don a gane wannan aiki, sai an san yadda na'ura take tashi.

Da an danna maɓalli, wani ɗan ƙaramin shiri da aka dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta ne yake fara aiki. A kwamfuta ana kiransa BIOS ko UEFI. Shi ne yake nemo shiri na biyu, mai tayarwa, irin su GRUB a kwamfuta. Mai tayarwa yana ɗauko ƙwayar tsarin aiki, wadda ake kira kanel, ya ɗora ta a ƙwaƙwalwar na'ura, ya miƙa mata ragama. Ƙwayar ce take gano allo da batir da ma'ajiya, sannan ta tada wani shiri mai suna init, shi kuma ya tada saura. In mataki ɗaya ya lalace, na gabansa ba zai samu ba.

Ƙwayar Android ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, a ƙasar Finland. An rubuta mafi yawanta da harshen C, wanda mutum yake iya karantawa amma na'ura ba ta ji. Saboda haka sai an harhaɗa ta: wata manhaja kamar GCC ta juya rubutun zuwa umarnin da na'ura take ganewa. Kafin nan mai harhaɗawa yana zaɓen direbobi, watau ƙananan shirye-shiryen da suke magana da kowane sashe na na'ura. Wani a saka shi cikin ƙwayar, wani a ajiye shi gefe sai an buƙata, wani a bar shi.

Wannan zaɓe ne ya sa manhajar wata waya ba ta yi wa wata, ko da kamfaninsu ɗaya. In aka zuba ƙwayar da ba ta da direban allon wayar, allon zai zauna baƙi ƙirin. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai yake duba lambar samfurin waya kafin ya taɓa ta.

Tun 1992 Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk mai rarraba ta ya bayar da rubutunta na asali. Da wannan ne masu sa kai, irin na LineageOS, suke harhaɗa sabuwar manhaja don tsofaffin wayoyin da kamfani ya daina kula da su. Sai dai dole a buɗe makullin mai tayarwa tukuna, kuma buɗewar tana goge duk abin da ke cikin wayar. Kuɗin MoMo ba sa ɓata, domin suna wurin kamfanin sadarwa. Hotuna da saƙonni kuwa, in ba a kwafe su wani wuri ba, sun tafi ke nan.