Daga Shampan ta Faransa zuwa cukun Korahane

Ma'aikatan da suka taɓa halartar liyafar ofishin jakadanci sun ga butalin nan mai kumfa da ake kira shampan. Giya ce, musulmi ba ya shan ta. Amma yadda masu ita suka tsare sunanta abin dubawa ne ga duk mai sana'ar gado.

Shampan sunan wani yanki ne a gabashin birnin Paris, wajen garin Reims. Ɗaya daga cikin manyan gidajen da ke yin ta shi ne Veuve Clicquot. A 1805 mai gidan ya rasu, ya bar matarsa tana da shekara 27. Maimakon ta sayar, sai ta kama ragamar aikin. A lokacin giyar tana fitowa gurɓatacciya, domin a cikin butali take sake tsima, gyaɗin ya kwanta a ciki. Wajen 1816 gidanta ya samo dabara: a kifa butali cikin katako mai ramuka, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kullum har gyaɗin ya taru a wuya, sannan a fitar da shi. Sauran gidajen duk sun bi sahu.

Doka ta ƙayyade sauran aikin. Da hannu ake tsinkar inabi. Kilo 4.000 ba a matse masa fiye da lita 2.550. Butali zai kwana aƙalla wata 15 a ramukan ƙarƙashin ƙasa kafin ya ga kasuwa. Ba cikin ruwan sanyi aka samu wannan ba: a 1911 manoma sun yi bore, sun ƙone rumbunan 'yan kasuwar da ke shigo da giyar wasu wurare suna laƙa mata sunan yankinsu. A 1927 aka shata iyakar gonaki, a 1936 sunan ya shiga cikakkiyar kariyar hukuma.

Nijar ma tana da kayan da suna ke sayar da su. A ƙasar Dakoro, inda Korahane take, matan makiyaya, Buzaye da Fulani, sun gaji yin cuku. Madarar da aka tatso yanzu ake sa wa ɗan tsamin da aka jiƙo daga tumbin ɗan akuya mai shan nono. In ta daskare a shimfiɗa ta fale-fale bisa asabari, rana da iska su busar da ita. Ana cin sa da shayi, ana daka shi cikin fura, yana jure tafiya. Gwanar hannu ce ta san yawan tsamin, ba littafi ba.

A 2023 hukumar OAPI mai kare sunayen kaya a Afirka ta miƙa wa Nijar takardun kilishi, albasar Galmi, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. An yi abin kirki. Sai dai takarda ba ta hana algus in babu rubutacciyar ƙa'ida da mai dubawa, kuma wajibi ne matar da ta tatsi saniya ta samu wurin zama inda ake yanke farashi. Manoman Shampan sai a 1941 aka kafa kwamitin da ya zaunar da su teburi ɗaya da manyan gidaje, shekara 30 bayan borensu.