Man Fetur Da Man Rake

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun noman rani ba baƙon abu ba ne. A shekarar 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Inda ruwanta bai kai ba, sai manomi ya kai injinsa bakin gulbi ya jawo ruwa. Amma inji ba ya aiki sai da mai. Tun da gwamnati ta janye tallafin fetur a 2023, manomin Tsibiri yakan lissafa kuɗin mai kafin ya lissafa ribar gonarsa.

Ga yadda inji ke cin mai. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai rami, sunansa silinda. Cikin ramin akwai fistin, yana hawa yana sauka. Mai da iska su shiga, fistin ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta. Sai su kama nan take, su tura fistin da ƙarfi. In an ƙara matse su, sai a sami aiki mai yawa da mai kaɗan. To, amma fetur ba shi da haƙuri. In matsi ya yi yawa yakan fashe tun lokaci bai yi ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace.

Akwai wani mai kuma, ana ce da shi etanol. Ba daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi ba, daga rake ake yinsa, irin wanda ake yin mazarƙwaila da shi. Akan matse ruwan raken, a sa masa yisti ya yi tsami, a dafa, a tara tururin ya huce.

Etanol yana jure matsi fiye da fetur, saboda haka maƙera sukan ƙera masa inji mai matsi da yawa. Sai dai ƙarfinsa bai kai na fetur ba. Tafiyar da mota za ta yi da lita 7 ta fetur, sai ta sha wajen lita 10 ta etanol. Yana kuma jan ruwa, yana cin wasu robobi. In an zuba shi zalla a injin ban ruwa wanda aka ƙera don fetur, ɓarna za a yi.

Mutanen Barazil, masu rake da yawa, sun ɗauki wannan aiki gadan-gadan a 1975, bayan fetur ya yi tsada a duniya. A 1979 suka fitar da mota mai shan etanol zalla. Da sanyin safiya ba ta tashi da sauƙi, sai aka sa mata ɗan ƙaramin tankin fetur na tayarwa. A 2003 kuma suka fito da mota mai shan kowanne. Direba yakan duba farashi a gidan mai. In kuɗin etanol bai kai kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur ba, shi yake saye.