Kanwa da Rayuwar Tsuntsaye da Namun Daji a Tafkin Nakuru

Tafkin Nakuru yana cikin Babban Kwarin Gabashin Afirka, a ƙasar Kenya, kimanin kilomita 160 arewa maso yamma da Nairobi. Kogunan Njoro da Makaliya da Nderit suna kwarara cikinsa, amma babu kogin da yake fita daga gare shi. Saboda haka ruwa yakan ƙafe da zafin rana, ya bar gishiri da kanwa suna taruwa. Wannan kanwa ita ce ginshiƙin rayuwar tafkin baki ɗaya.

A irin wannan ruwa ne wata gansakuka mai suna sifirulina take yaɗuwa, domin halittu kaɗan ne suke iya gogayya da ita a cikinsa. Ita ce abincin ƙaramin filamingo, tsuntsu mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki, wanda yake tace ta daga ruwa, kuma daga sinadaranta yake samun jaja-jajan launin gashinsa. A shekarun yalwa, adadin tsuntsayen a bakin tafkin yakan haura miliyan guda. Sai dai kiwo kawai suke zuwa yi, domin mafi yawan hayayyafarsu a Tafkin Natron na Tanzaniya take gudana.

Asali tafkin ba shi da kifi. A tsakiyar ƙarni na 20 aka kawo wata ƙaramar karfasa mai jure kanwa daga Tafkin Magadi don ta cinye tsutsar sauro. Zuwanta ya jawo kwasakwasa da mikiya mai kamun kifi, har nau'o'in tsuntsayen da aka ƙidaya a gandun suka zarce 400. A tudu kuwa, an kawo raƙuman dawa daga yammacin Kenya a 1977, sannan aka kewaye gandun da shinge domin kare baƙar karkanda da farar karkanda daga mafarauta. Akwai kuma ɓauna da jakin dawa da zaki da damisa.

Daga wajajen 2010 ruwan tafkin ya yi ta ƙaruwa, ya shanye hanyoyi da itatuwan gefensa. Da kanwar ta tsinke, gansakukar ta ragu, sai yawancin filamingo suka ƙaura zuwa wasu tafkuna irin su Bogoriya. Masana suna danganta ambaliyar da ƙaruwar ruwan sama da kuma sare dajin Mau, inda kogin Njoro yake tasowa, wanda ya sa ruwa da laka suke gangarowa da sauri.

A 2011 hukumar UNESCO ta sanya Nakuru da Bogoriya da Elementaita cikin wuraren gado na duniya a matsayin tsari guda, domin tsuntsayen suna kai-komo ne a tsakaninsu. Shinge yana iya tsare karkanda, amma makomar filamingo tana rataye ne da abin da ake yi wa dajin Mau, da gonakin da ke bakin koguna, da dagwalon birnin Nakuru, waɗanda duk suna wajen iyakar gandun.